Bencin Baya a Cocin Babana

"Kashe shi, Roscoe! Na ce ka kashe rediyon nan!"

"To, in na kashe namu, na sauran gidajen Memphis fa, Dessa? Wa zai bi ya kashe?"

Tsaye nake a kicin da ludayi a hannu. Faten tsaki na ta tafasa yana fallatsi, ko ta kansa ban bi ba. Rediyon da ke kan firji sai zuba yake yi. Muryata ce ke fita tare da ta mijina, a shirin waƙoƙin bishara na safiyar Lahadi, ƙarfe takwas daidai... kuma ba Ubangiji muke kira ba. Junanmu muke kira!

"Matso kusa, sanyin idona, sanyi ya shigo gari..." Haka na ji kaina ina rerawa, har da wani jan numfashi da ban san na yi shi ba.

Wayyo ni Odessa!

Faifan garmahon da muka yi fuska biyu gare shi, kamar kowane faifai. Fuskar farko waƙoƙin soyayya ne, ta biyu kuma na yabon Ubangiji. Wata bakwai muka kwashe muna haɗa shi ni da Roscoe, a wani ɗan situdiyo da ke bayan shagon aski, makirfo ɗaya tal, muna fuskantar juna. Da hannuna na rubuta wa mai gabatar da shirin takarda na liƙa a jikin kwalin: fuska ta biyu, waƙar farko. Bawan Allahn nan ya ɗora faifai ba ta inda aka ce ba, ya saki allura, da alama ya tafi haɗa kofi abinsa.

Ko da yana zaune ma ba zai farga da wuri ba. Waƙar farko ta nan da waƙar farko ta can karinsu ɗaya ne, kiɗan buɗewarsu ɗaya. Kalmomin ne suka bambanta.

Karin kuwa na Mama ne. Shekara talatin da ɗaya mahaifiyata, Viola, tana buɗe sujada da wannan waƙar a cocin Babana. Ba ta cikin kowane littafin waƙa, ba wata coci da ta san ta. Tun da Mama ta rasu, shekara uku ke nan, ba wanda ya iya ɗaga ta. Ni kaɗai nake ɗan gunguna ta in ina wanke-wanke, har Roscoe ya kama ta da jita, wata rana ya ɗora mata kalmominsa.

"Kai ka ce mu yi!" na ce, ina nuna shi da ludayin.

"Ni na ce mu yi, ke kuma kika rera. Ido rufe ma kika rera, ina kallonki."

"Kada ka kawo mini wasa yau, Roscoe Tolliver!"

"Ba wasa nake ba, zumata. Sau nawa na ce mu je mu gaya wa Baba Fasto abin da ke ɗaya fuskar? Kika ce a bari sai bayan Kirsimeti. Kirsimeti ta wuce, kika ce sai bayan Ista..."

Gaskiya ya faɗa, gaskiyar kuma ta ƙara ba ni haushi. Ni na ce wa Baba faifan bishara muke yi. Ni na ce masa na rera waƙar Mama don kada ta ɓata. Ranar har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Lahadin da ta wuce ya tsaya a kan mumbari ya ce kowa ya kunna rediyo ƙarfe takwas, ya ji yadda Ubangiji ya dawo da muryar Viola ta bakin ƴarta.

To, ga shi kowa ya kunna. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Wayar bango ta yi ƙara. Na san ko wace ce tun kafin in ɗauka. Inna Pearlie ce, yayar Mama, wadda ke riƙe wa Baba gida tun bayan rasuwar.

"Ke Odessa! Sanyi ya shigo gari, ko? A watan Mayu?"

"Inna, don Allah..."

"Don Allah me? Mata huɗu sun kira ni tun kafin ku kai baiti na biyu. Matar Dikin Purvis, dattijon coci, har cewa ta yi ta ƙone biskit."

"Baba fa?" na tambaya.

Ta ɗan ja numfashi.

"Yana zaune a falo da kwat ɗinsa. Bai kashe ba sai da kuka kai ƙarshe. Ko uffan bai ce ba, kofi ma ya bar shi ya huce. Yanzu da zai fita ya ce ki same shi a ofis kafin sujada. Ke kaɗai, ban da mutumin naki."

Muka kama hanyar coci a mota, har muka tsallake titin jirgi. Roscoe ya riƙe sitiyari da hannu biyu kamar mai koyon tuƙi.

"Dessa... ki ɗora mini."

"In ɗora maka me?"

"Komai. Ki ce ni na matsa miki. Dama abin da suke jiran ji ke nan. Shekara shida na yi ina waƙa a kulob-kulob na titin Beale, shekara huɗu da aurenmu har yau kallon ɗan kulob suke mini. Ni na saba. Ke kuwa a cocin nan aka haife ki."

"Au, kai ne ma za ka koya mini yadda zan yi maka ƙarya?"

"Babanki ke nan ɗaya, masoyiyata."

"Miji kuma goma gare ni, ko?"

Ya juyo ya kalle ni, idonsa ya kaɗa. Na kau da kai waje. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, kuma tsoron Babana ya fi duka biyun. Ba zan ɓoye ba, a zuciyata na ɗan auna maganarsa.

Kowa ya san dokar cocinmu. Wanda ya haɗa waƙar Ubangiji da ta duniya, zaunar da shi ake yi. Wata uku a bencin baya, can kusa da ƙofa inda ake rataye lema. Ba ka waƙa, ba ka ba da shaida, in ana raba burodi da ƙoƙon Jibin Ubangiji a tsallake ka. Sai fa in ka fito gaban bagadi ka tuba, ka lalata abin laifin da hannunka. Na ga an fasa kwalbar giya a wurin, na ga an yayyaga katin caca. Baba bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Na same shi zaune bayan teburinsa. Faifan na gabansa, wanda na kai masa kyauta ranar Juma'a a cikin farar takarda, don kada ya ga hotonmu na kwali mun haɗa goshi. Na san ba shi da garmaho a gida.

"Ina kwana, Baba."

"Rufe ƙofar."

Na rufe. Na tsaya kamar ƴar makaranta, ni da nake da shekara ashirin da tara.

"Waƙar uwarki, Odessa."

"Baba, tana ɗaya fuskar, yadda Mama take yin ta, ban canza ko harafi ba. Kuskure aka yi, mutumin ya..."

"Kuskuren mutumin ne ya rera abin da na ji?"

Na sunkuyar da kai.

"Kika dube ni kika ce mini faifan bishara ne. Kika bar ni na hau mumbari na tara miki jama'a."

"Na yi laifi, Baba. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

"Wa ya sa kalmomin?"

Shiru.

"Na ce wa ya sa kalmomin!"

"Roscoe ne ya rubuta... amma..."

"Shi ke nan. Na sani." Ya tura faifan gabana da yatsa ɗaya. "Bayan waƙar buɗewa zan kira ki. Ki karya wannan a gaban bagadi, ki gaya wa jama'a mutumin Beale ne ya ja ki. Ke za ki koma kujerarki a cikin mawaƙa. Shi kuma a cire sunansa daga littafin coci. Ɗakinki yana nan a gida, Pearlie za ta share. Ki zauna can har ya dawo hayyacinsa, in zai dawo."

"Baba! Mijina ne fa..."

"Ni kuma ubanki ne, kuma makiyayin garken nan. In kin ƙi, bencin baya, ke da shi. Kuma kada in ga ƙafarki a teburina ranar Lahadi."

Wannan ta ƙarshen ce ta soke ni. Tun ina rarrafe ban taɓa cin abincin ranar Lahadi a wani teburi ba. Kaza soyayya, dafaffen ganye, burodin masara, Baba a kai yana addu'a har abinci ya fara hucewa. Bayan Mama, abin da ya rage mana ke nan ni da shi.

Na ɗago na dube shi. Ya kau da kai.

"Je ki sa rigarki," ya ce.

Coci ta cika maƙil, har da waɗanda rabonmu da su tun jana'izar Mama. Lallai rediyo ya yi aiki! Iyaye mata sun jeru a bencin gaba cikin fararen kaya da manyan huluna, kowacce na fifita da mafici, ba wadda ta kalle ni, kuma kowacce na ganina. Na hau wurin mawaƙa da doguwar rigata ruwan goro. Wadda ke kusa da ni ta ɗan matsa gefe.

Roscoe yana layi na uku, ba a bar shi ya taɓa jita ba. Ya ɗago ya yi mini alama da kai: yi kawai. Ji na yi kamar in cire takalmi in jefe shi.

Aka yi waƙar buɗewa, ban san me aka rera ba. Baba ya miƙe. Ganga ta tsaya, fiyano ya tsaya.

"Ƴan'uwa, abin da kuka ji da safe, ni ma na ji. Ni na ce ku kunna, don haka ni zan fara neman gafararku." Ya juyo. "Ƴar'uwa Odessa Tolliver, sauko."

Ƙafafuna suka kai ni, ban san yadda aka yi ba. Dikin Purvis ya miƙo mini faifan da hannu biyu kamar mai miƙa abin da ya mutu. Na karɓa. Baƙi, mai sheƙi, ba nauyi. Sau ɗaya za ka buga shi a gefen bagadi ya tashi daga aiki.

"Gaya wa jama'ar Ubangiji wanda ya ja ki," in ji Baba.

"Faɗi gaskiya, ƴata!" wata ta ce daga baya.

"Kunyata Shaiɗan!"

Roscoe ya miƙe tsaye. "Baba Fasto, ni ne. Ni na..."

"Zauna! Ba a kira ka ba."

"Zauna, Roscoe," ni ma na ce. "Ni aka tambaya."

Na dubi faifan, na dubi Babana. Tsufa ya kama shi a shekara ukun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ina son mutumin nan kamar raina. Na buɗe baki, kuma har ga Allah ban san wacce za ta fito ba.

"Ba wanda ya ja ni, Baba."

Coci ta ɗauki guna-guni.

"Ƙaryar da na yi maka, tawa ce, na tuba, ka yafe mini. Amma ba zan wanke ta da wata ƙaryar ba. Da Mama ta rasu, wata shida na yi ina tsayawa a can sama cikin mawaƙa ina motsa baki, ba abin da ke fita. Ba wanda ya lura a cikinku... har kai, Baba. Wannan mutumin ne ya lura. Shi ya riƙa zama a bakin ƙofar kicin da jitarsa yana bin gunguni na a hankali, har murya ta dawo. Da na rera masa, da zuciya ɗaya na rera. Da na rera wa Ubangiji, da ita dai na rera, ba ni da wata!"

"Odessa..." Baba ya ce ƙasa-ƙasa.

"In na karya wannan, waƙar Mama ma na karya, tana bayansa. Ba zan iya ba, Baba. Ka zaunar da ni."

Hawaye suka ɓalle mini. Na rungume faifan a ƙirji, ban jira an ce ba, na kama hanyar baya. Tsawon cocin nan bai taɓa yi mini nisa irin na ranar ba. Ina wuce layi na uku na ji takun Roscoe a bayana. Muka zauna a ƙarƙashin lemomin mutane, ya kama hannuna ya matse.

"Kin haukace, Dessa," ya raɗa mini.

"Rufe mini baki."

Baba ya gyara murya. "Doka doka ce. Wata uku, su biyun. Dikin Purvis, rubuta."

Ya buɗe Littafi Mai Tsarki zai shiga wa'azi. Sai wata murya ta fito daga bencin iyaye mata, ba da ƙarfi ba.

"Hosea."

Inna Pearlie ce! A cikin coci, a gaban jama'a, ta kira Babana, Fasto Broadnax, da sunansa tsirara. Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta ci gaba da fifita tana kallonsa, irin kallon da take yi wa yaro in ya ce ba shi ya taɓa sukari ba.

Baba ya tsaya. Ya kalli shafin da ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Har wani jariri ya yi kuka aka lallashe shi. Can ya rufe Littafin.

"Pearlie tana wurin," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ita ke tsaron hanya kada ubansu ya fito."

Mutane suka dubi juna.

"Waƙar nan da kuke ce wa ta Viola... ba Viola ta yi ta ba. Wani yaro ne ya yi ta a Mississippi, a gonar auduga, ɗan shekara goma sha tara, mai kiɗan jita a gidajen rawa ranar Asabar. Ya yi ta ne don ƴar wani dikin da ta hana shi barci. Kuma kalmomin da ya sa..." Ya dubi bencin baya. "Na waɗannan yaran masu kunya ne a kan nasa."

Wani ya ce, "Ya Ubangiji!" Ni kuwa na zuba wa Baba ido.

"Da Ubangiji ya kira ni, na fasa jitar a kan kututture, na ce waƙar ma ta mutu. Viola ta ce ba ta san zancen ba. Ta cire sunanta ta sa na Ubangiji, ta shigo da ita coci. Shekara talatin da ɗaya tana rera ta tana kallona. Ku kuna cewa Amin, ni ina neman inda zan sa idona." Muryarsa ta karye. "Yau da safe na ji ta yadda aka haife ta. Ban ji Shaiɗan ba, ƴan'uwa. Matata na ji. Shi ya sa na fusata."

Ya cire tabarau, ya sa a aljihu.

"Ban soke hukunci ba. Na zaunar da mutane da yawa a cocin nan a kan wannan dokar, ba zan canza ta yau don ta zo kan ƴata ba. In za a duba ta, dattawa su duba, ban da ni. Amma akwai wanda ya riga waɗannan biyun, ya san yadda aka haɗa, ya yi shiru, bai taɓa zama ba. Dikin Purvis, rubuta suna na uku."

"Fasto... wane suna?"

"Ka san rubuta Hosea, ai."

Ya zare doguwar rigar wa'azinsa, ya ninke ta a kan kujera. Ya sauko daga mumbari yana dafa ƙarfe saboda gwiwarsa. Ba kiɗa, ba tari, sai ƙarar takalminsa a kan katako. Yana tahowa ina kuka, har ban iya ganin fuskarsa sosai ba.

Ya tsaya a kanmu. Roscoe ya zabura zai miƙe.

"Matsa mini," in ji Baba.

Roscoe ya matsa. Baba ya zauna tsakaninmu, ya ɗora hannu a gwiwa, yana kallon gaba inda Dikin Purvis ke ta juya shafuka, gumi na keto masa, don bai shirya wa'azi ba.

"Baba..." na ce.

"Shiru. Waɗanda aka zaunar ba sa magana."

Na kwantar da kaina a kafaɗarsa. Bai ture ni ba. Can, ba tare da ya juya ba, ya ɗan karkata wajen Roscoe.

"Baiti na biyu ka yi gaggawa," ya ce a hankali. "Ba a korar mace da waƙa, jiran ta ake yi. In mun je gida, bayan an ci abinci, ka ɗauko jitar in nuna maka."

 Sai kawai Roscoe ya sa fuska a tafin hannunsa, kafaɗunsa na girgiza, Baba kuma ya zaro hankici ya miƙa masa.